Aikin Laburare Ko Kammala Digiri Na Biyu: Lissafin Da Ke Gaban Ɗaliban Kudancin Kaduna

KAFANCHAN — Da zarar ɗaliban da ke neman digiri na biyu sun gama darussan aji sun shiga rubuta kundin bincike, da dama daga cikin 'yan asalin kudancin Jihar Kaduna sukan tattara nasu-ya-nasu daga Zariya ko Jos ko Kaduna su dawo gida, domin a ganinsu zaman garin jami'a ba tare da lacca ba ɓarnar kuɗin haya ce kawai. A daidai wannan lokaci ne kuma akan yi wa wasunsu tayin ɗan aiki na 'yan sa'o'i a ɗakin karatu na wata makaranta, watau laburare, inda za su riƙa jera littattafai, da rubuta sunayen masu aro, da taimaka wa ƙananan ɗalibai wajen neman abin da suke bukata a kwamfuta. Tayin yakan zo ne sa'ad da aljihu ya bushe, shi ya sa kaɗan ne suke tsayawa su yi lissafi kafin su amsa.

Wannan batu ya shafi 'yan kasuwa ta fuska biyu. Su ne iyaye da yayye da kawunnan da ke biyan kuɗin wannan karatu daga cinikin citta da hatsi da kanti, kuma su ne masu makarantu masu zaman kansu da ke ɗaukar irin waɗannan ɗalibai aiki. Ra'ayin wannan sharhi shi ne, kuskure ne a auna tayin da albashin da za a karɓa a ƙarshen wata. Ma'aunin gaskiya shi ne yawan watannin da aikin zai ƙara wa karatun, ko kuwa ya rage masa.

Yankin ba shi da ƙarancin ɗakunan karatu. Akwai Kwalejin Ilimi ta Jihar Kaduna da ke Gidan Waya, wadda aka kafa a Kafanchan a 1977 a matsayin babbar kwalejin horar da malamai. Akwai reshen Jami'ar Jihar Kaduna, jami'ar da aka kafa a 2004, wanda ke ɗauke da tsangayar aikin gona da ta kimiyyar muhalli. Akwai kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma a cikin garin, da makarantar koyon tauhidin Kirista ta ECWA a Kagoro, ban da makarantun sakandare na mishan da na 'yan kasuwa da suka bazu daga Zonkwa zuwa Kwoi. Sai dai kuma mafi yawan masu neman babban digiri ba a nan suka yi rajista ba. Malaman da ke duba aikinsu suna Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko Jami'ar Jos, ko hedikwatar jami'ar jiha a Kaduna. Daga Kafanchan zuwa Kaduna ta Kachia tafiya ce ta kusan kilomita 200, sannan a ƙara wasu kimanin 80 zuwa Zariya. Jos ta fi kusa, amma ita ma ta haura kilomita 100. Abin takaici shi ne, garin da ya bunƙasa saboda mahaɗar layin dogo tun wajejen 1927 ya daɗe da daina dogaro da jirgin fasinja, saboda haka kowane zuwa wurin malami yana nufin kuɗin mota, da kwana biyu a ƙalla, wani lokaci har da kuɗin masauki.

Kuɗin motar nan kuwa ya ninka tun bayan da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashin kaya ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamban wannan shekara. Kamar hakan bai isa ba, a daminar 2023 wata cuta ta afka wa gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko da kewaye, ta lalata mafi yawan amfanin wannan shekara. Duk wanda ya san yankin ya san cewa buhun citta shi ne asusun da iyalai da yawa ke cirar kuɗin makaranta daga cikinsa.

Taimakon gwamnati kuma bai cika kaiwa ga wannan rukuni ba. Rage kuɗin makaranta da Gwamna Uba Sani ya sanar a watan Agustan 2023, wanda ya sauko da na jami'ar jiha daga Naira 150,000 zuwa 105,000, na Gidan Waya kuma daga 75,000 zuwa 37,500, kuɗin ƙananan ɗalibai ne. Asusun bai wa ɗalibai rance na NELFUND, da aka buɗe a watan Mayun 2024, ya fara ne da masu neman digirin farko da difloma da takardar malanta. Shi kuwa asusun TETFund, wanda ya samo asali daga dokar soja ta 1993 da ta ɗora wa kamfanoni harajin ilimi na kashi 2 cikin 100 na ribarsu, yana ɗaukar nauyin digiri na biyu da na uku ne ga waɗanda tuni suke malamai a manyan makarantun gwamnati. Wanda bai riga ya shiga ba sai dai ya ji labari. Ke nan ɗalibin da muke magana a kansa ya faɗa tsakanin gida biyu: ya wuce a ba shi rance, bai kai a ba shi tallafi ba.

To, nawa aikin zai kawo? A watan Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi na ƙasa Naira 70,000, Jihar Kaduna kuma ta amince da Naira 72,000 kafin ƙarshen shekarar. Idan aka raba wannan adadi da sa'o'i 173 da cikakken ma'aikaci ke yi a wata, kowace sa'a ta tashi a kan kimanin Naira 416. Wanda ya yi sa'o'i 20 a mako, watau rabin aiki, zai tashi da Naira 36,000 a wata, ko 432,000 a shekara. Wannan fa idan an biya shi bisa ma'aunin gwamnati ke nan. Abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba shi ne, dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019 ta cire masu aikin 'yan sa'o'i daga cikin waɗanda take karewa, haka kuma ta cire duk ma'aikatar da ba ta kai mutum 25 ba. Saboda haka mai ƙaramar makaranta da ya biya ƙasa da wannan bai karya doka ba, kuma ɗalibin ba shi da inda zai kai ƙara. Galibi kuma babu maganar fansho, balle hutu mai albashi.

Yanzu sai a juya ɗaya gefen sikeli. Masanin tattalin arzikin nan na Amurka, Gary Becker, a littafinsa na 1964 a kan jarin da ake zubawa a cikin ɗan Adam, ya nuna cewa babban kaso na tsadar ilimi ba kuɗin da ake biyan makaranta ba ne, a'a, albashin da ɗalibi ya bari ne a tsawon lokacin da yake karatu. Ɗan kasuwa ya fi kowa fahimtar wannan, domin ya san cewa kayan da suka kwana a sito suna cin kuɗi ko da ba a taɓa su ba. Digirin da ba a kammala ba haja ce da ke kwance. Jami'o'inmu suna bukatar ɗalibi ya sabunta rajista ya biya kuɗi a kowace shekarar karatu muddin bai kare kundinsa ba, ko da saura babi ɗaya. Bugu da ƙari akwai iyakar wa'adi, wanda idan ya cika sai an roƙi ƙari, in ba a dace ba kuma a soke rajistar, duk abin da aka kashe ya bi ruwa.

Alal misali, mu ɗauki ɗalibin da wata shida suka rage masa. Idan aikin laburaren bai taɓa wa'adin ba, ya ci ribar Naira 216,000 bisa wancan lissafi, abin da zai iya biyan kuɗin zirga-zirga da buga kundi da ɗinke shi. Amma idan aikin ya sa wata shidan suka zama goma sha biyu, ya faɗa sabuwar shekarar karatu, ya biya sabuwar rajista, kuma ya jinkirta neman cikakken aiki da rabin shekara. Ko a mafi ƙarancin albashi, cikakken aiki na wata shida Naira 432,000 ne, ninki biyu na abin da zai karɓa a laburare a ƙarin watannin. Ga mai niyyar koyarwa a jami'a asarar ta ma fi haka. Tun da dokar 2012 ta tsayar da ritayar farfesa a shekara 70 da haihuwa, sauran malamai kuma suna ajiye aiki a 65, duk shekarar da aka makara wajen shiga ba daga ƙasan tsani ake cire ta ba. Ana cire ta ne daga ƙarshen aiki, lokacin da albashi ya fi tsoka.

Amma adalci ya tilasta a faɗi cewa wannan lissafi yana da rauni guda: ya ɗauka cewa lokaci yana hannun ɗalibi, kuma aiki na jiransa a bakin ƙofa. A Nijeriya duka biyun ba tabbas ba ne. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aiki na kusan wata tara a 2020, ta sake yin na wata takwas daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022. A 2017 kuma manyan makarantun jiha da ke yankin Kafanchan sun shafe watanni a rufe saboda taɓarɓarewar tsaro. Ɗalibin da ya ƙi karɓar aiki a farkon 2022 don ya mai da hankali ga karatu ya zauna wata takwas babu aiki babu karatu, alhali wanda ya karɓa ya ci albashinsa bai yi asarar ko kwana ɗaya na jami'a ba. Ko babu yajin aiki, babi yakan yi makonni a teburin malamin da ɗalibai suka yi wa yawa, kuma jiran mai jarrabawa daga wata jami'a yakan ɗauki watanni. Waɗannan watannin jira ba su da wata daraja a kasuwa in ba an sayar da su ba. A nan kam, da babu gara ba daɗi.

Wannan ne ya sa matakin da kundin ya kai ya fi komai muhimmanci. Wanda ya miƙa cikakken kundi yana jiran ranar karewa, ya karɓi aikin ba tare da wani dogon tunani ba. Wanda ke tsakiyar tattara bayanai kuwa, lamarinsa dabam ne. Ɗalibin aikin gona da ke gwajin irin citta ko masara yana da damina ɗaya tak a shekara. Idan ya rasa makonnin shuka saboda yana tsaron teburin aro, sai baɗi. Haka mai binciken kasuwanni, domin kasuwar ƙauye ranarta ɗaya ce a mako, ba ta kuma jiran kowa ya tashi daga aiki. Ga irin waɗannan, taura biyu ba ta taunuwa. Mai rubutu, wanda ya gama tattara bayanai ya zauna harhaɗawa, shi ne ke tsakiya, kuma shi ne ya fi bukatar ya duba abin da laburaren zai ba shi bayan albashi.

Abin da zai ba shi kuwa ba kaɗan ba ne, idan laburaren na gaskiya ne. Akwai wutar lantarki ko ta janareta ko ta hasken rana a sa'o'in da gida ke cikin duhu, akwai intanet da ba daga aljihunsa ake saye ba, akwai teburi da shiru, abubuwan da suke da wuya a gidan da ke cike da ƙanne da baƙi. Fiye da haka akwai mujallun bincike na duniya. Shirin HINARI na Hukumar Lafiya ta Duniya, da aka fara a 2002, da shirin AGORA na Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da aka fara a 2003, suna bai wa makarantun ƙasashe masu tasowa damar karanta dubban mujallu kyauta ko a farashi mai rahusa, amma ta hannun makarantar da ta yi rajista, ba ta hannun ɗaiɗaikun mutane ba. Maƙala guda daga irin waɗannan mujallu, idan mutum zai saya da kansa, takan kai Dala 30 ko fiye. A laburaren da ke da wannan dama, aikin yana iya rage wa karatu watanni maimakon ya ƙara. Wanda ba shi da komai sai tsofaffin littattafan sakandare da ƙura, wannan albashinsa ne kaɗai abin dubawa.

Sai dai a yi hattara da zaton da mutane ke yi cewa ma'aikacin laburare zama kawai yake yi yana karatu. A makonnin jarrabawa ɗakin yakan cika har dare. Sanannen abu ne kuma cewa idan hukumar kula da jami'o'i ko ta kwalejojin ilimi ta kusa zuwa tantance kwasa-kwasai, laburare na cikin wuraren da ake ba maki, saboda haka a kansa ake tashi haiƙan da lissafin littattafai da lika lambobi, kuma sabon ma'aikaci mai ilimin kwamfuta shi ake fara jibga wa kaya. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba zai ce da shugabansa ana nemansa a Zariya gobe ba alhali baƙi na tafe jibi.

Akwai kuma masu karɓar aikin da fatan ya zama ƙofar shiga. Wannan fata tana da tushe ga rukuni ɗaya kawai, watau masu karatun ilimin laburare. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen wannan fanni tun 1968, kuma dokar soja mai lamba 12 ta 1995 ta kafa majalisar da ke yi wa ƙwararrun ma'aikatan laburare rajista, wadda ke bukatar takardar shaida a fannin. A jami'o'i ana ɗaukar waɗannan ƙwararru a sahun malamai wajen albashi da ƙarin girma. Ga ɗalibin wannan fanni, kowace sa'a a wurin aiki gogewa ce da za ta shiga takardar neman aikinsa, musamman yanzu da Gwamnatin Tarayya ta mayar da tsohuwar Jami'ar Nok da ke Kachia jami'ar tarayya a 2025, domin sabuwar jami'a ba ta rabuwa da neman ma'aikata. Amma mai digiri na biyu a tattalin arziki ko kimiyyar ƙasa, ko ya shekara biyar yana jera littattafai, ba zai zama ƙwararren ma'aikacin laburare ba. Abin da zai samu shi ne sanayya da shugabannin makaranta da jin labarin guraben aiki da wuri. Wannan ma wani abu ne a ƙasar da ba kowane gurbi ake tallatawa ba, amma bai kamata a sa shi cikin lissafi kamar kuɗi a hannu ba. An sha ganin aikin wucin gadi ya zama na shekaru ba tare da takardar tabbatarwa ba, kundin kuma yana cikin akwati.

Ga ma'aikatan gwamnati da suka tafi ƙaro ilimi, musamman malaman makaranta, waɗanda suna da yawa a cikin masu wannan karatu a yankin, maganar gajera ce. Jadawali na biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati karɓar albashin muƙamai biyu na gwamnati a lokaci guda. Wanda ke hutun karatu mai albashi ya nisanci duk wani aikin biya a makarantar gwamnati.

Dangane da yawan sa'o'i, ƙasashen da suka daɗe da haɗa karatu da aiki sun tsaya a kan adadi kusan iri ɗaya. Amurka da Ingila ba sa barin baƙon ɗalibin jami'a ya wuce sa'o'i 20 a mako a lokacin da ake karatu, Jamus ma a kan wannan adadi take raba ɗalibi da cikakken ma'aikaci wajen biyan kuɗin inshora. A Amurka tun 1964 gwamnati ke da shirin biyan ɗalibai marasa ƙarfi ladan aiki a cikin makarantunsu, kuma ɗakunan karatu na cikin wuraren da suka fi ɗaukar su. Sai dai ɗalibin can yana taka ƙafa ne daga laburare zuwa ofishin malaminsa cikin minti goma. Namu sai ya kwana a hanya. A ganin wannan sharhi, ga wanda malaminsa ke Zariya shi kuma yana Kafanchan, sa'o'i 20 ma sun yi yawa in dai an baza su a kwana biyar. Gara sa'o'i 15 ko 16 da aka tara a kwana biyu ko uku a jere, sauran makon ya zama nasa.

A nan ne mai makaranta zai iya cin riba ba tare da ya cuci kowa ba. Ɗalibin babban digiri ma'aikaci ne mai araha idan aka kwatanta da iliminsa: zai iya shigar da jerin littattafai cikin kwamfuta, ya koya wa malamai neman bayanai, ya tsara ɗakin da mai tantancewa zai gani ya gamsu. Amma ba zai daɗe ba, kuma wanda ya ɗauke shi yana zaton ya sami ma'aikacin dindindin zai wayi gari ya ga teburi babu kowa a makon da ya fi bukatarsa. Ya fi kyau tun farko a ɗauke shi don wani aiki mai iyaka, na wata huɗu ko shida, kamar lissafa littattafan ɗakin gaba ɗaya, a kuma haɗa shi da ƙaramin ma'aikaci na dindindin da zai koya a hannunsa. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya bai wa ma'aikaci rubutattun sharuɗɗa kafin cikar wata uku da fara aiki, amma babu dalilin jiran wata ukun. Takardar ta faɗi ranakun aiki da sa'o'insu, da albashi da ranar biyansa, da ranar da aikin zai ƙare, da izinin amfani da kwamfuta da intanet bayan an tashi, sannan ta amince da cewa idan jami'a ta kira ɗalibin gabatar da aiki ko kare kundi, zai tafi ko da sanarwar kwana biyu ce, ya rama sa'o'in bayan ya dawo.

Shi kuwa uba ko kawun da ke riƙe da jakar kuɗi, kafin ya ce da yaro ya je ya nemi na kansa, ya tambaye shi babi nawa malaminsa ya sa wa hannu, da kuma ranar da jami'a za ta rufe rajistar shekara mai zuwa. Idan abin da ya rage wata uku ne ko huɗu na rubutu, kuɗin abinci da na mota na waɗannan watanni sau da yawa ba su kai kuɗin sabuwar rajista ba, kuma daga aljihunsa ne za a nemi na rajistar.